Man Gyaɗar Dije da Kantin Bakin Titi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Nakan zauna bayan la'asar da niyyar rubutawa, sai in tuna karatuna na boko bai wuce firamare ba, in ce wa zai saurare ni. Wani lokacin kuma tsoron da ya fi wannan ne ke kama ni, kar in je in ɗauki alhakin wani. Masu babban kantin da za ni yi magana a kansa ban san su ba, ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, kuma ba daidai ba ne mutum ya yanke hukunci a kan wanda bai ji ta bakinsa ba. Don haka ba za ni faɗi sunan kantin ba. In na rubuta abin da ba haka yake ba, Allah ya yafe mini, su ma su yafe. Abin da ya hana ni ci gaba da jinkiri shi ne gyaɗa ta kusa isa cira, kuma akwai wata tsohuwa a unguwarmu a Sabon Birni da sana'arta ta rataya a kan gyaɗar bana. Sunanta Dije. Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, mijinta ya rasu, kuma man gyaɗa take yi tun muna yara.

A wani ƙauye kusa da Gangara muka tashi, ni da ita, a hannun kakarmu da muke kira Inna Tumba. Har yau in na rufe ido, abin da nake fara ji shi ne ƙarar gyaɗa a cikin kasko, ana juya ta da sakaina, sharr, sharr, kamar ruwa na sauka kan rufin kara. Mu gujjiya muke ce mata. In ta soyu sai a baza ta ta huce, a murje, a fece ɓawon a faifai, kaji su taru suna faɗa a ƙasa. Daga nan sai niƙa a dutse, don inji bai zo ba a lokacin. Aikin da ya fi wuya shi ne juyi. Ana zuba niƙaƙƙiyar a turmi, mace ta kama taɓarya da hannu biyu tana zagayawa, wata na ɗiga mata ruwan zafi kaɗan kaɗan. In ruwan ya yi yawa an yi asara, in ya yi kaɗan mai ba zai fito ba. Inna Tumba ba ta duba turmin, kunne take sawa. Da ta ji sautin ya canja, ya koma caɓal caɓal, sai ta ce a tsaya, ya kawo. A matse tunkuza, a mulmula, a soya ta cikin man da ya fita daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli, wanda mu ke kira bakuru. Wannan suyar ita ke ba man ƙamshinsa. Ranar da ake yi, duk wanda ya bi ta bayan dangarmu sai ya yi sallama, ko ba shi da abin faɗa. Aikina ni ɗebo itace da ruwa ne da kiwon jaki. Dije kuwa tun tana ƙarama take leƙen turmi, har Inna ta ce wannan yarinya hancinta ya riga hannunta koyon sana'a.

Kasuwa a wancan zamani wuri ne na magana. Kowa da kwalbarsa yake zuwa, an toshe bakinta da totuwa. Kafin a yi ciniki sai an tambayi gida, an tambayi mai jiki, an yi gaisuwar rasuwa in akwai. Mai saye ya taya, mai sayarwa ta ce albarka, a ja, a yi dariya, a sallama. Bayan an auna sai gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye, ko ɗigon mai ko bakuru guda. Inna Tumba takan ce gyara ba ta mai saye ba ce, ta mai sayarwa ce, don ita ke wanke abin da mudu ya rage ba da saninka ba. Ni da Allah ya halitta da yawan damuwa, wannan magana ta zauna mini sosai. Ba na cewa mutanen da duk na kirki ne. Akwai masu algus, akwai masu bugun gindin kwano don ya rage ci. Amma an san su, su ma sun san an san su.

Akwai ranar da ba ni mantawa. Na fara tsiron gemu a lokacin. Na ɗora Inna Tumba a jaki muka nufi kasuwar Isa sayen gyaɗa, don a can manoman Tozai da ƙauyukan gefenta ke kawo tasu cikin taiki. Muka isa da hantsi, muka tarar da wurin 'yan gyaɗa fayau, sai tsofaffi masu mai sun yi cirko-cirko da ƙorensu. Ashe wani dillali mai suna Ɗanjimma ya yi sammako ya tare manoman a mashigin gulbi, ya ce musu kasuwa ta faɗi, ya saye duk abin da suka ɗauko tun jakuna ba su girgije ruwa ba. Ga shi ya jibge taikunan a ƙarƙashin wata tsamiya, ya hau kan ɗaya ya zauna, ya sa farashin da ya ga dama.

Inna Tumba ta sauka daga jaki, ta dube ni ta ce, "Angona, ɗaure dabbar ga ka samu inuwa. Yau mun kwan biyu nan."

Ta tafi gaban Ɗanjimma, ta kife ƙwaryarta a ƙasa, ta zauna kusa da ita ta miƙe ƙafa. Wata tsohuwa ta zo ta kife tata. Kafin rana ta take, ƙore sun jeru a kife kamar an shanya su, tsofaffi na zaune suna hirar jikoki da ciwon gwiwa.

Ɗanjimma ya ce, "Inna, in ba saye za ku yi ba, ku ba mutane hanya."

Ta ce, "Waɗanne mutane? Duk mai sayen gujjiya a kasuwag ga, ga mu nan zaune. Ko kai za ka tamne ta?"

Aka yi dariya. Wata daga baya ta ce, "Ku bar shi, ƙila aure za shi yi, gara ta yaka haɗawa."

Ya ce shi da dukiyarsa ya saya, bai yi sata ba. Inna ta ce, "Wa yac ce ka yi sata? Ni na san uwarka, tare munka yi 'yan mata. In ka koma gida ka gaishe ta, ka hwaɗa mata inda ka tarbi mutane."

Ana cikin haka wani malami mai makarantar allo ya zo wucewa, ya tsaya ya ji abin da ake ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abin da ya karanta shi ne an hana tarbon kaya a hanya, a bar mai kaya ya shigo kasuwa ya ji farashi da kunnensa, sa'an nan ya sayar. Manoman da ba su riga sun koma ba suka ji labari, suka fara taruwa a bayan tsamiya suna ƙunƙuni. Ɗanjimma ya dubi manoma, ya dubi ƙoren nan, ya dubi rana. Da aka kira azahar, sahu ɗaya aka yi da shi da manoman. Bayan sallah ya kwance taiki da hannunsa, ya cika wa manoma abin da ya tauye musu, ya auna wa tsofaffi a farashin kasuwa. Inna Tumba ta birkice ƙwaryarta, aka cika, ta tsaya tana kallonsa.

Ya ce, "Mi kuma, Inna?"

Ta ce, "Gyara."

Ya ɗebo da hannu biyu ya zuba yana girgiza kai. Ita kuma ta kwance gefen zanenta ta miƙa masa bakuru, ta ce ya ci, tun safe bai sa komai a baki ba. Ba a kore shi daga kasuwa ba. Ya tsufa yana dillanci a nan.

Yanzu zamani ya kawo wani abu dabam. An gina babban kanti a bakin titi kusa da tasha, reshe ne na wasu da ke birni. Ciki da fitilu da fanka, kaya jere har sama, shinkafa, sukari, sabulu, taliya, robobi, da mai a jarka da kwalabe masu hatimi. Kowane abu an manna masa farashi. Ba tayi, ba albarka, ba gyara. Kuma gaskiya ita ce akwai araha. Man da suke sayarwa ya fi na Dije sauƙi nesa ba kusa ba. Na shiga sau ɗaya don in gani da idona, kar in yi magana a kan jita-jita. Na yi sallama a ƙofa, mai gadi kaɗai ya amsa. Samarin da ke aiki a ciki 'ya'yan garin nan ne, na san iyayen wasunsu, a tsaye na same su a tsaye na bar su, ban ga kujera ko ɗaya ba. Na tambayi ɗayansu ina mai kanti, ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Ba arahar ce ta dame ni da farko ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na ji ana sayen gyaɗa yanzu. Manoma da kansu suka gaya mini cewa wakilan manyan 'yan kasuwa na zuwa har gona da mota, su kama amfanin tun yana ƙasa, kuma ana cewa masu irin wannan kanti na cikin masu aiko su. Ban gani da idona ba, na dai ji a bakin mutanen da ban san su da ƙarya ba. Abin da na gani shi ne wurin 'yan gyaɗa a kasuwa ya koma 'yan kwanoni. Wadda ta rage ta yi tsadar da in Dije ta saya ta matse, man ba zai iya tsayawa kusa da na kanti ba. An riga ta a wurin saye, an kuma karya ta a wurin sayarwa. Matan unguwarmu da ke wannan sana'a sun ajiye ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙananan tireda biyu a layinmu sun rufe, ɗaya ya tafi ci rani bai dawo ba. Nakan tambayi kaina, wannan ba shi ne tarbon da malamin nan ya hana ba, sai dai an matsar da shi daga mashigi zuwa gona? Amma kuma ba ni iya zargin manomi. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan. Mutumin da zai ɗauko buhu ya bi daji zuwa kasuwa bai san ko zai kwana gida ba. In mota ta zo ƙofarsa, me zai ce? Na je wurin limamin unguwarmu da wannan tambaya. Ya ce sayen abu a kanti halas ne, wanda kuma ya ƙi saye don tausayin maƙwabci yana da lada, amma batun sayen amfani a gona sai ya bincika. Har yau yana bincike.

Sai na yanke wa kaina abin da za ni iya. Na daina shiga kantin. Sukari da sabulu a wurin mai tiredar da ya rage nake saye, ko da zai ce babu sai gobe. Na samu 'yan uwan shawara kaɗan, mai shayin bakin masallaci da wani tela, su ma suna yin haka ba tare da sun yi shela ba. Matata Hurera ba ta hana ni ba, amma ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

Ta ce, "Malam, kai ka iya, ɗiyanka na aiko maka. Ka dibi matan da anka koro daga ƙauyukkansu, suna kwana makaranta. Su ma ka ce su bar mai araha?"

Na taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ta fito daga kantin da 'yar kwalba a hannu, goye da yaro, fuskarta da murna. Wallahi ban ji haushinta ba. Na dawo gida ranar ban iya cin tuwo ba, ina ta tunanin ko ni ne mai son kai, ina kare ƙamshin yarintata da yunwar wasu.

A kan Dije kuwa sai na ƙara himma. Duk ranar da ta matsa mai sai na je da kwalba. Da na ga kwalabenta na kwana, sai na koma sayen biyu, wani lokacin uku. Mu biyu ne a gida, ni da Hurera, miyarmu ba ta cin ko rabin guda. Na yi tunanin in rabar, sai na ji tsoron labari ya koma mata. Na yi tunanin in kai wa matan nan masu kwana a makaranta, sai na ji tsoron riya, a ce tsoho na neman suna. Ina cikin wannan saƙa da warwara, kwalabe suka taru a ƙarƙashin gado. Zafin bazara ya shigo, man ya fara tsufa.

Wata safiya Dije ta shigo duba Hurera da ke fama da ƙafa. Ina tsakar gida ina gyaran buta. Ta shiga ɗaki, suka gaisa. Can na ji ƙarar kwalabe na gwaruwa. Ta fito da ɗaya a kowane hannu, ta tsaya a kaina.

"Kai ɗan mace, mi kaka yi da mai haka? Wanka?"

Na ce ajiya ce, saboda azumi.

"Wane azumi? Na baɗi? Shinshina ka ji." Ta cire totuwar ta kai mini hanci. Ya yi wari mai maƙaƙi. "Wanga mai ni na juya shi da ƙugun ga nawa da ba shi miƙewa. Na ce ashe har yanzu akwai masu son abu mai kyau, har na ƙara kwano biyu bisa abin da nika soyawa. Ashe gado nika ciyarwa."

Hurera daga ɗaki ta ce, "Na hwaɗa mishi."

Na ce, "Dije, don zumunci na yi."

Ta ce, "Zumunci ka kawo mani goro. Wagga sana'a ta, ba bara ba. In mutum ya ci man ya ji daɗi ya dawo, na san inda nike. Kai ka sa ban san ko ina da kasuwa ko ban da ita ba."

Ban taɓa ganin hawaye a idon Dije ba sai ranar da aka fita da gawar mijinta, sai kuma wannan rana. Amma ba ta bari sun zubo ba. Ta zauna a kan turmi, ta ja numfashi, ta ce in kwaso kwalaben duka za ta yi sabulu da su, don ba a zubar da abinci. Daga yau kuma kwalba ɗaya za ta sayar mini, sai na kawo ta a wanke babu ɗigo za ta sake cikawa. Na ce to. Na tambaye ta me za ni yi mata da ba zai ɓata mata rai ba.

Ta ce, "Masu saye ina da su, kaɗan na, amma suna nan. Mai ƙosai ba ta son na kanti, ta ce ba shi da ƙamshi. Gujjiya ta ban da. Samo mani manomi guda da za shi auna mani kamar yadda yaka ba masu mota, ba tsadar kasuwa ba. In na samu bana, in ci gaba. In ban samu ba, kasko na da mai so, in koma wurin ɗiyata Sakkwato in yi renon jikoki."

Na san Dije, in ta faɗi abu ta gama. Na san kuma me zaman birni zai yi wa macen da tun tana yarinya ba ta taɓa miƙa hannu an ba ta kuɗin goro ba. Tun ranar nake yawo. Na tambayi 'yan uwanmu na wajen Gangara, wasu sun riga sun yi alkawari da masu mota, wasu bana ba su iya shiga gonakinsu na nesa ba. Na hau motar Isa na zauna a wurin 'yan hatsi har rana ta yi sanyi, kowa na ce mini in dawo wani mako. Ƙafata ba ta kai ni Tozai yanzu, kuma 'ya'yana sun hana ni bin wannan hanya. Kullum da safe ina jin kaskon Dije ta bayan katanga, kuma na lura suyar na ƙarewa da wuri fiye da da.

Shi ya sa na rubuta. Ba ina neman a rufe kantin kowa ba ne, ban kuma ce wanda ya shiga ya yi laifi ba. Roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, musamman mutanen Isa da Tozai da Gangara da ƙauyukan da ke tsakani: in kun san manomin da ya shuka gyaɗa bana bai riga ya yi alkawari da ita ba, ko ya yi amma zai iya ware buhu ɗaya ko biyu, ku sanar da ni. Ba sadaka ake nema ba, saye za a yi hannu da hannu, kuma ba sai ya bi hanya ba, za mu san yadda za a ɗauko. A bar saƙo wurin direbobin motar Isa a tashar Sabon Birni, a ce na tsohon nan mai neman gujjiya ne, duk sun gaji da ganina. In kuma akwai malamin da ya san hukuncin sayen amfani tun yana gona, ya taimake ni da bayani, don in daina zargin mutane a zuci in ba su da laifi. Amma don Allah a fara da manomin. Jiya na ga mai sayen kaskon ya zo ya ƙwanƙwasa gindinsa yana tambayar ko bai tsage ba, Dije ta ce masa ya dawo bayan an cire gyaɗa.